Shuɗin da ke Kafaɗar Baba

A Madarumfa, a unguwar da ke fuskantar tabki, akwai gidan Malam Inusa mai lambu. Mutum huɗu ne 'yan gidan: shi, da matarsa Balaraba, da ɗansu na fari Aliyu, da autarsu Farida. Sai dai Aliyu ba ya nan. Ya tafi ci-rani Legas tun Farida ba ta shiga lakwal ba, wato makarantar boko, damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta, har ci-rani ya koma zama. Ba su rasa hatsi ba, ba su kuma rasa kayan miya ba, don lambun yana ba da tumatir da albasa da salati daidai gwargwado. Abin da gidan ya rasa shi ne hoto. Ko ɗaya babu. Aliyu ya tafi bai bar nasa ba, bai kuma tafi da na kowa ba.

A ranin shekarar alif ɗari tara da casa'in da takwas, Ɗanjuma direba, wanda ke bi ta Ɗan Issa yana kai wake kudu, ya tsaya a ƙofar gidan da saƙon baki. Ya ce Aliyu yana gaishe su, yana lafiya, kuma yana roƙon a aiko masa da hoton gida. Ya ƙara da cewa Aliyu ya ce ko a hanya ya gamu da ƙanwarsa yanzu ba zai gane ta ba.

Farida tana bayan ƙyaure ta ji. Wannan magana ta zauna mata a ƙirji. Ita tana tuna Yaya, tana tuna yadda yake ɗora ta a wuya su je kallon masunta, amma shi bai san ta yi tsawo ba, bai san an yi mata kitso irin na manya ba. Ta ƙudura a ranta cewa wannan hoto nata ne kafin ya zama na kowa.

Malam Inusa yana da farar babbar riga guda ɗaya, ta shadda, wadda ba ta fitowa sai da salla ko ɗaurin aure. Farida ta roƙa a bar ta ta wanke ta da kanta. Inna ta riga ta koya mata yadda ake sa bula, wato garin nan shuɗi da ake jiƙawa a ruwan ɗauraya don farin tufafi ya ƙara haske. Ana ƙulle shi a ɗan tsumma, a tsoma a ruwa a cire, har ruwan ya yi kamar sararin sama da safe. In ya wuce haka ya yi yawa. Farida ta yi daidai yadda aka koya mata. Ta shanya rigar a baibai, ta kai wa masu bugu, ta dawo da ita a kai tana ƙyalli.

Hamza mai hoto shi kaɗai ne mai kyamara a wannan gefe na gari. Ya same su a lambu da la'asar, rana ta karkata tana dukan mutum ta gefe. Ya tsayar da su a gaban itatuwan mangwaro masu duhun inuwa. Nan fa aka fara ja-in-ja. Maƙwabtan lambu sun bar ban-ruwa sun jingina da darni suna kallo, shi kuwa Malam Inusa ba mutumin da zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da matarsa a gaban jama'a ba ne. Kunya ba za ta bar shi ba. Ya tura Farida tsakiya, Balaraba ta tsaya a hagu, shi ya ja can dama, ya bar fili tsakaninsa da su har akuya za ta iya ratsawa.

Hamza ya ce, “Malam, matso kaɗan mana.”

“Nan ma ya isa. Ko ba ka ganina?”

“Ina ganinka, amma ka kusa fita.”

“To in ban fita ba, ɗauka.”

Hamza ya ɗauka. Aka kai fim Maraɗi wanki, aka jira.

Ranar da hoton ya dawo, Hamza da kansa ya kawo shi zaure. Ɗan Baba maƙwabci yana nan, da wasu dattawa biyu da suka zo gaisuwa. Farida ta raɓe a bakin ƙofa. Ta ga mahaifinta ya karɓi hoton da murmushi, ta ga murmushin ya tsaya, sa'an nan ya ɓace.

“Farida!”

Ta shigo ta durƙusa.

“Mi ne ne wannan?”

Ya miƙo mata hoton har ya kusa taɓa hancinta. Ga ta nan a tsakiya, fes, ga Inna. Ga Baba can gefe, rigarsa ta yi fari har tana kashe ido. Amma tun daga kafaɗarsa ta waje har zuwa bakin hannun riga, wani siririn zare ya bi gefen rigar, shuɗi mai sirkin ja, kamar an zana shi da alƙalami. Hularsa ma ta samu nata.

Ɗan Baba ya leƙo ya ce, “Ai bula ce. Ta zuba bula kamar mai rini.”

Farida ta ce, “Wallahi Baba ban cika ba. Yadda Inna ta nuna mini na yi.”

“Rufe mini baki! Riga ɗaya gare ni a duniya, ɗaya! Na ba ki amana kin mayar da ni ɗan wasa. Wannan zan aika wa yaron nan ya nuna wa mutane a Legas? A ce ga ubansa da rigar marina?”

Farida ta tashi da gudu ta shiga ɗaki, ta ɗauko rigar daga cikin akwati, ta zo ta shimfiɗa ta a gaban dattawan. Fara tas, daga wuya har ƙasa. Ta juya kafaɗar, ta juya hannun.

“Ga ta. Ina shuɗin yake? Ku nuna mini!”

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, “A'a, yarinya, da ubanki kike?”

Malam Inusa bai ko dubi rigar ba. Ya ce, “Ido bai gani ba, kyamara ta gani. Abin nan ya fi idonki da nawa. Hamza, kai ne mai sana'a. Ba bula ba ce wannan?”

Hamza ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofa. Ya ce, “To, Malam, ita dai kyamara abin da ke gabanta take ɗauka.”

“Kun ji ko? Za a sake wani kafin Ɗanjuma ya tashi. Uwarki za ta sake wanke rigar, ba bula. Ke kuma ba ki ciki. Wanda bai iya riƙe amana ba, ba a aika fuskarsa ko'ina.”

Farida ba ta yi kuka a zaure ba. Ta naɗe rigar, ta mayar, ta tafi bakin turmi. Ranar geron gidan ya sha duka. Tsawar Baba ba ta ƙona ta kamar sosa ƙeyar Hamza ba. Ta ga idonsa sarai. Idon wanda ya san wani abu ne ya haɗiye.

Balaraba ta zo ta karɓe taɓaryar ta ce, “Za ki fasa mini turmi. Yi haƙuri, ubanki ne.”

“Inna, kin san ban cika ba.”

“Na sani.”

“To ki faɗa masa!”

“Ya riga ya yi magana gaban mutane. Bari ya huce.”

“Kafin ya huce Ɗanjuma ya tafi.”

Balaraba ta ci gaba da dakan.

Washegari da aka tashi daga lakwal, Farida ba ta nufi gida ba. Ta bi ta bayan kasuwa ta tsaya a shagon Hamza. Ɗan ɗaki ne mai labule da zanen bene da furanni, bangonsa cike da hotunan da masu su ba su zo karɓa ba da waɗanda ya manna don talla. Hamza yana goge kyamara. Da ya gan ta ya ɓata fuska.

“'Yar Malam, in rigima kika kawo, koma da ita.”

Ta zo ne ta zazzage masa abin da ke cikinta, amma idonta ya faɗa kan bango, sai ta tsaya. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin, waɗanda suka fara koɗewa, ba su da komai. Sababbin kuwa, ga wata farar mota a gefen hoto, rufinta da zaren shuɗi. Ga katangar masallaci mai farar ƙasa, kusurwarta da zaren shuɗi. Can ƙasa ga wani mahauci ya riƙe ƙaton farin rago a gefe, bayan ragon tun daga wuya har wutsiya an bi shi da wannan launi, ƙarƙashin cikinsa kuma wani kore-kore.

Ta ɗora yatsa a kan ragon ta juyo.

“Kawu Hamza, wa ya wanke ragon nan da bula?”

Hamza ya ci gaba da goge kyamararsa.

“Masallacin fa? Ni na wanke shi?”

“Ke, rage murya! Kasuwa ce nan.”

“Ba zan rage ba! Ka sani, ka bar Baba ya ci mutuncina gaban mutane!”

Hamza ya tashi ya saki labulen ƙofa, ya dawo ya zauna yana huci. Shi ma fushi yake, sai dai ba da ita ba. Ya kwance gilashin gaban kyamarar, wanda su masu hoto ke ce wa objektif, ya dangwarar da shi a kan tebur.

“Ga mai laifin. Na ainihin ya suɓuce mini ya faɗa tabki ranar da nake ɗaukar masunta. Na tsallaka Jibiya na sayo wannan, mai shi ya rantse mini da cewa ɗaya suke. Ƙarya yake, Allah ya isa.”

“To ya gilashi zai sa wa riga bula?”

Ya dube ta, ya ga ba za ta tafi ba sai ta ji. Ya ɗauko kofin gilashi da ruwa a ciki, ya ajiye shi inda rana ke shigowa ta tagar, ya sa farar takarda a ƙasa. A gefen hasken da ya faɗa kan takardar sai ga ja a wani ɓari, shuɗi a wani.

“Kin ga? Hasken rana da kike gani fari, launuka ne a haɗe, irin na bakan gizo. In ya ratsa gilashi sai ya lanƙwasa, amma kowane launi da yadda yake lanƙwasawa. Shuɗi ya fi ja karkata. Objektif mai kyau gilasai ne da yawa a jere, wani yana gyara kuskuren wani, har launukan su sake haɗuwa wuri ɗaya a kan fim. Wannan kuwa ba ya haɗa su daidai. A tsakiyar hoto ba a lura. Can gefe, inda fari mai haske ya yi iyaka da duhu, nan shuɗin ke zamewa ya leƙo waje. Ubanki ya sa fari, rana ta doke shi, bayansa inuwar mangwaro, ya kuma je ya maƙale a ƙarshen hoto. Ko da madara kika wanke rigar sai ta yi haka.”

“Ba a gogewa?”

“A kan takarda? Ina! Na ji an ce a Yamai wasu sun fara riƙe kyamarar da ba ta cin fim, hoton yana shiga ordinatar, wato kwamfuta, kai tsaye. Su ma an ce wannan zaren yana fito musu, sai dai su suna iya rage shi a cikin na'urar. Mu nan sai dai a kiyaye tun wurin ɗauka.”

Farida ta ce, “To tashi mu je ka faɗa wa Baba.”

“Ke kina da hankali? In gari ya ji gilashina ba shi da kyau, wa zai sake tsayawa gabana? Da mi zan ciyar da yarana? Zan gyara na biyun, shi ke nan, magana ta mutu.”

“Na biyun da ba ni ciki?”

Hamza ya juya yana mayar da gilashin a kan kyamarar. Farida ta fizge hoton ragon daga bango, ta bankaɗe labule, ta zura da gudu. Hamza ya rataya kyamara ya biyo ta yana kira, takalminsa na faɗuwa.

Ta sami Malam Inusa a lambu yana jan ruwa daga rijiya, Balaraba tana tsinkar tumatir, Ɗan Baba kuma yana nasa aikin a tsallaken darni. Ta durƙusa, don ko cikin fushi ba ta manta ba, ta miƙa hoton da hannu biyu.

“Baba, dubi bayan ragon nan.”

Ya goge hannu ya karɓa. Ya daɗe yana kallo. Ya kai hoton nesa, ya dawo da shi kusa. Sai ga Hamza ya iso yana haki.

Malam Inusa ya ce, a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa ban tsoro, “Hamza, ragon wa aka yi wa bula?”

“Malam, wato, gilashin ne yake ɗan...”

“Gilashin! Na tambaye ka a zaurena, gaban dattawa, ka ce mini abin da ke gabanta take ɗauka!”

“Ai ban ce bula ce ba.”

“Ba ka ce ba, ba ka kuma hana ba! Ka tsaya kana sosa ƙeya kamar mai ƙwarƙwata, ka bar ni na...” Ya dubi Farida, ya kau da kai. “Ka bar ni na ɓata bakina.”

Ɗan Baba ya leƙo ta kan darni ya ce, “Ni dama na ce abin nan bai yi kama da bula ba.”

Balaraba ta ce, ba tare da ta ɗago daga tumatir ba, “Allah ya ba mu kunne irin na jiya.”

Ɗan Baba ya koma bakin aikinsa.

Farida ta jira. Tana jiran kalma ɗaya. Amma Malam Inusa ya miƙa wa Hamza hoton ragonsa ya ce, “Gobe da safe ka zo ka sake, kuma in na ga zare ko na gizo-gizo ne, kai da kasuwar nan. Ni da ita za ka ɗauka.” Ya nuna Balaraba da haɓa. “Abin da na faɗa na faɗa.”

Farida ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce, “Baba, ai ka ga ba ni ba ce!”

“Na gani. Na kuma ga kin ɗaga mini murya gaban baƙi, kin shimfiɗa mini riga a ƙasa kamar 'yar kasuwa. Tashi ki ba ni wuri.”

Ta tashi. Ta tafi gida tana taka ƙasa kamar za ta huda ta. Da farko an hukunta ta don laifin da ba ta yi ba, yanzu kuma don ta ce ba ta yi ba. Ta rasa inda za ta ajiye wannan a kanta.

Da safe aka hallara a lambu. Farida ce ta ɗauko kujera, don an aike ta, ta dire ta da ƙarfi ta koma gindin rijiya ta harɗe hannu. Maƙwabta sun sake jeruwa a darni, har sun fi na farko yawa, don labarin rago ya zaga.

Wannan karon Hamza bai yi gaggawa ba. Ya kai su inda inuwa ta rufe ko'ina, babu rana a kan riga, ya zaɓi katangar laka a bayansu maimakon duhun mangwaro. Ya murɗa zoben objektif ya ƙanƙance ƙofar da haske ke shiga, ya ce hakan yana rage zamewar launi. Sa'an nan ya sauke kyamarar.

“Malam, saura abu ɗaya, shi ne babba. Farar riga dole ta zauna a tsakiyar hoto. In ku biyu ne, sai kun matsu sosai, kafaɗarka ta taɓa tata, don ku shiga tsakiya tare.”

Wani a darni ya yi tari mai kama da dariya. Malam Inusa ya haɗe rai.

“Kafaɗata ta taɓa mi? A nan? Kai dai ba ka da kunya.”

“To sai dai ka zauna kai kaɗai a tsakiya, ita ta tsaya a hagu da ɗan nisa. Amma dama za ta zama wayam, hoton ya karkace kamar jakin da aka ɗora wa kaya ɓari ɗaya. Sai an sami mai tsayawa can.” Hamza bai dubi rijiya ba ko sau ɗaya. “Ko Ɗan Baba ya shigo?”

“Ɗan Baba? Yaron nan ya ce a aiko masa da Ɗan Baba?”

Malam Inusa ya gyara zaman hularsa, ya zauna a kujera, ya baza rigar a kan gwiwoyinsa. Ya yi magana yana kallon gaba.

“Ke. Zo ki tsaya nan. Don hoton kada ya karkace.”

Farida ta so ta ƙi. Ƙin ya zo mata har baki. Sai ta tuna wanda zai buɗe hoton a Legas, ta taho ta tsaya a damansa.

Hamza ya ce, “'Yar Malam, saki fuska mana.”

Ba ta saki ba. Haka aka ɗauka.

Hoton ya dawo daga Maraɗi ana gobe Ɗanjuma zai tashi. Rigar ta fito fara tas, ba zare ko ɗaya. Baba a tsakiya, Inna a hagu, Farida a dama ta ɗaure fuska tamau. Malam Inusa ya duba ya ce, “Haka za ki je wa yayanki, kamar an ci bashinki?” Bai jira amsa ba, ya miƙa mata ya ce ta kai wa Ɗanjuma da hannunta.

A hanyar tasha ta riƙe shi a ƙirji, fushin bai gama sauka ba. Abin da Farida ta gane shi ne, hoto yana iya nuna abin da babu shi a jikin riga, kuma babba yana iya sanin ya yi kuskure ya gyara shi, ba tare da ya taɓa cewa ya yi ba.